Ga masu son koyon Oracle don samun satifiket

Salamu alaikum 'yan'uwa na Garwa da Marwa. Kada ku jira sai kun samu babbar sabar. Oracle XE 21c, ƙaramar sigar manhajar adana bayanai ta Oracle, kyauta ce, tana amfani da RAM har 2GB da bayanai har 12GB, kuma wannan ya ishi mai koyo. Ku sa VirtualBox, manhajar da ke ba ku kwamfuta ta biyu a cikin taku, ku ɗora tsarin aiki na Oracle Linux a ciki, sannan ku girka XE a can. Fayilolin manya ne, mutum ɗaya ya sauke da dare, sauran su kwafa a filashi.

Amma inda nake so ku daɗe shi ne RMAN, kayan aikin Oracle na yin ajiya da dawo da bayanai. Ku kunna ARCHIVELOG, yanayin da ke adana tsofaffin redo log (fayilolin da ke riƙe duk canjin da aka yi wa bayanai), ku yi ajiya, sai ku goge fayil ɗaya na bayanai da gangan, ku dawo da shi. Ku maimaita har hannu ya saba. Ni wuta ce ta ɗauke mini ana tsakiyar aiki, da na sake kunnawa na buɗe alert log, fayil ɗin da Oracle ke rubuta abin da ke faruwa da ita, nan na ga da idona yadda redo log ke gyara abin da ya katse.

Wanda ya yi karatu da Faransanci kuma, don Allah ya riƙa karanta takardun Oracle da Turanci tun yanzu, saƙonnin kuskure masu farawa da ORA da shi za ku fi cin karo.