Yadda na raba katifata da fumfuna a Jidda

Wata uku ina jin wani warin raɓa a ɗaki, ina ta ɗora wa kafet laifi. Ranar da na ɗaga katifa, wadda nake shimfiɗawa kai tsaye a kan tayil, sai ga ƙasanta ya yi dabbare-dabbare da baƙar fumfuna. Bayan wardrob ma katakon ya kumbura, har yana ɓarewa idan ka sa farce.

Iskar Jidda dama jiƙe take saboda Bahar Maliya, balle a watan Satumba. Amma babban mai laifin mukayyif ɗin taga ne, wato na'urar sanyaya ɗaki: ya karkato ciki, ruwansa na bin bango a ɓoye. Maƙwabcina Baba Alhaji ne ya gano, ya ce, "Ɗana, tsakuwa biyu kawai za ka sa ya kalli waje." Haka kuwa aka yi.

Katifar na goge ta da ruwan khal, ban jiƙa ta sharkaf ba, ta wuni biyu a rana saman bene. Na samo katakon falet, irin wanda ake jera kaya a kai, a Harajin Sawarikh, wata kasuwar kayan gwanjo a Jidda, na ɗora ta a kai don iska ta ratsa. Wardrob kuma na janye shi taƙi ɗaya daga bango. Bayansa dai sai da kafinta ya canza.