Darasi na Shida: Dasa Bishiyar Ado Mai Kaɗe Ganye da Kula da Ita

Akwai bishiyoyin da ake shukawa domin kyan furensu da inuwarsu, waɗanda a kowace shekara sukan kaɗe ganyensu su huta kafin su sake toho. Filamboyan, wadda asalinta daga tsibirin Madagaska ne, tana cikinsu, kuma da ita za mu yi misali, saboda jan furen da yake lulluɓe ta idan ta fito daga hutunta.

Irinta yana da tauri ƙwarai, shi ya sa ake kankare gefensa kaɗan da wuƙa, ko a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana a ciki, sannan a shuka shi a leda. Wurin dasawa kuwa ya zama mai samun rana sosai, kuma ya yi nisa da gini kamar mita 6 ko fiye, domin saiwoyinta ba sa nitsewa can ƙasa, yaɗuwa suke yi ta sama har su fasa daɓe su tsaga katanga.

A haƙa rami wanda faɗinsa ya ninka na ledar sau 2, amma zurfinsa kada ya wuce tsayinta. A yage ledar a hankali ba tare da an farfasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba, a tsayar da dashen yadda wuyansa zai yi daidai da bakin rami, a cike da ƙasa, a danna, a ba shi ruwa ya ƙoshi. Busasshiyar ciyawa da aka shimfiɗa kewaye tana riƙe danshi, sai dai kada ta taɓa jikin dashen, don gudun gara da ruɓa. A kuma yi masa shinge saboda dabbobi.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne lokacin da ganye ya fara zuba. Wani sai ya ɗauka ƙishirwa ce, ya dinga kwarara ruwa safe da yamma, alhali bishiyar da ba ta da ganye ruwa kaɗan take sha, sauran kuma ya kwanta ya ruɓar da saiwa. Wani ma gatari yake ɗaukowa, wai ta mutu. Kafin a yanke hukunci, a sa farce a kankare ɓawon ƙaramin reshe. Idan an ga kore mai danshi a ƙarƙashi, tana da rai, hutu kawai take yi. Idan an ga ruwan ƙasa kuma reshen ya karye ƙas, wannan reshen ne ya bushe, sai a gwada wani da ke kusa da gindi.

A wannan lokacin ne kuma ake rage rassa, tun da babu ganyen da zai ɓoye su. A cire busassu da masu gugar juna da kaifaffen zarto, a yanka dab da mahaɗar reshe ba tare da an ɗaye ɓawon uwar ba.