Yadda za ka haɗa kalmomin sauri da taku a Turanci ba tare da ka kwafsa ba

Mu a Hausa "sauri" ɗaya ta ishe mu, mota tana sauri, yaro yana sauri, a ci abinci da sauri. Turanci kuwa kowace kalma da abokiyar tafiyarta, in ka haɗa ta da wata daban za a gane me kake nufi amma sai a ji maganar banbarakwai, kuma mai makin jarabawar WAEC ko IELTS ba zai ɗaga maka ƙafa ba.

Toh fara da waɗannan ukun. Fast na abin da shi kansa yake gudu ne, fast car, fast train, fast runner. Quick na abin da ba ya cin lokaci, quick look, quick shower, quick question, wato ka leƙa ka wuce, ka watsa ruwa ka fito. Rapid kuma ya fi zama a rubutu in ana maganar canji, rapid growth, rapid increase, irin yadda Kano ke ta bunƙasa ɗin nan. Fast food dai haka ya zo, haddace shi kawai. Kuma dan Allah a daina rubuta fastly, wallahi yana damuna, he drives fast shikenan.

Speed na tafiya da high, ba a cewa fast speed. At high speed, at full speed, mota ta pick up speed in ta fara ƙara gudu. Kula da at ɗin nan, at 100 kilometres per hour, wanda shi ne speed limit ɗin ƙananan motoci a babban titin ekspres a dokar 'yan Road Safety. Overspeeding da muke ji kullum Turancin gida ne, a jarabawa rubuta speeding. Mara lafiya kuma speedy recovery ake masa fata.

Step abokinsa take ne, take a step, kuma kamar yadda muke cewa gwamnati ta ɗauki mataki haka suke cewa take steps. Step by step daki-daki kenan, watch your step kuwa ana ce maka kula da inda kake taka. Sai pace, keep pace with shi ne kar a bar ka a baya, at your own pace kuma ka yi daidai ƙarfinka.

In za ka rubuta a littafinka kar ka ajiye kalma ita kaɗai, rubuta ta da abokiyarta, sannan ka gina jimla da abin da ka yi yau, misali I took a quick shower before Subh, ka faɗe ta a fili sau biyu ko uku har bakinka ya saba.