Darasi na 9: Sauya Indararo a Gidan Bakin Teku

Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san indararo: ɗan guntun kwano ko na yumɓu da ke leƙowa daga saman soro, ya harba ruwa can nesa da gindin bango. Alhazai ma sun ga na zinariya a saman Ka'aba, Indararon Rahama, wanda ruwansa ke zuba a Hijir Isma'il.

To, wanda neman abinci ya kai shi Obalende ko Idi-Araba a Legas, ko Nima da Mamobi a Akra, ko Zangon Kwatano, ko Duwala, wani irin indararo zai tarar. Rufin can na kwano ne mai gangare. Indararon kuwa dogo ne, a kwance yake bin bakin rufi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya tare ruwa ya miƙa wa bututu, bututu ya sauke shi ƙasa. Wasu gota suke ce masa. Mu dai indararo za mu ci gaba da kiransa.

Kalmomin darasi. A karanta su da ƙarfi, a rubuta kowacce sau uku: indararo, bututu, mariƙi, katako, sukuru, tsatsa, gangare.

Iska biyu

Iska biyu ke damun gidan bakin teku. Ta farko ba ta da hayaniya. Daga teku take kaɗowa kusan kullum, ɗauke da laima da gishiri. Ido ba ya ganin gishirin, amma shafa gilashin taga a gidan da ke kusa da ruwa, za ka ji danƙo-danƙo a yatsa. Kwano ƙarfe ne da aka yi wa shafen tutiya don kada ya yi tsatsa. Gishiri tutiyar yake lasa a hankali, ranar da ta ƙare kuma tsatsa ta samu ƙofa. Wurin da aka yanka kwano da wurin da ƙusa ta huda shi, nan take fara kamawa.

Ta biyu ita ce iskar hadari, wadda ta fi zafi a farkon damina da ƙarshenta, kuma galibi daga gabas take tasowa kamar yadda muka sani a gida. 'Yan mintoci take yi. Ta shiga ƙarƙashin indararo ta ɗaga shi, ta sake shi, ta sake ɗagawa, har abin da ke riƙe da shi ya saki. Mutane ita suke ɗora wa laifi, alhali ƙarasa aikin ta farkon kawai ta yi.

Ni da kuɗina na koyi wannan. Lokacin da nake haya a Obalende na sayi sabon indararo mai kauri, na sa aka kafa shi da ƙusa irin ta kowa a jikin tsohon katakon da na tarar. Damina ta biyu, wani dare aka yi iska, da asuba na fito alwala na same shi kwance a tsakar gida. Shi kansa ko lotsewa bai yi sosai ba. Ƙusoshin ne suka koma kamar tsinken tsintsiya, katakon kuwa kana taɓawa yana marmashewa. Na kira wani dattijon kafinta na unguwa, na ce, "Baba, dubi kayan banzan da aka sayar mini." Ya juya indararon, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce, "A'a Malam, kayanka lafiya lau. Sabuwar riga ka ɗinka da ruɓaɓɓen zare."

Saboda haka kafin ka taka zuwa kasuwa, katakon bakin rufi za ka fara dubawa, wanda kafintoci ke cewa fesin-bod. Ɗauki sukundireba ka riƙa soka shi taƙi-taƙi. Inda ta tsaya, katako na da rai. Inda ta lume kamar a gurasa, ya mutu, ko da fentinsa na ƙyalli. Duba har kan katakan rufin da aka kafa shi a jikinsu, don ruɓa takan bi ta can. Mataccen katako ba a lallaɓa shi, cire shi ake yi. Sabon kuma a shafe shi da maganin gara, a yi masa fenti gaba da baya da bakin yanka, ya bushe kafin a ɗora.

Nawa ne ruwan?

Da milimita ake auna ruwan sama. Abin da Kano ke samu a shekara yakan tsaya tsakanin milimita 700 da 1,000. Na Legas ya haura 1,500, na Kalaba ya kusa 3,000, na Duwala ya wuce 3,500. Akra ba ta kai ko rabin Kalaba ba, wajen 800 take samu, amma idan ya tashi zuba a watan Yuni kamar da bakin ƙwarya yake yi. Shi indararo ba ruwan shekara ne damuwarsa ba, ruwan awa ɗaya ne.

Ga lissafin, kuma mai sauƙi ne. Milimita 1 na ruwa a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, lita 1 ke nan. A ce rufinka ya rufe wuri mai mita 10 tsawo, mita 6 faɗi. Goma sau shida, 60. Idan aka yi ruwa milimita 50, sai ka ce 60 sau 50, ya ba ka lita 3,000. Duro mai cin lita 200 guda 15 ke nan, daga rufi ɗaya, wani lokaci kafin a gama cin tuwon dare. In rufin gangare biyu ne, kowane indararo rabi zai ɗauka.

Wanda ya ga wannan lissafi ba zai sayi siriri don ragin kuɗi ba. A irin waɗannan garuruwa na fi son indararo mai faɗin inci 6 da bututu mai inci 4. Kada bututu ɗaya ya ɗauki indararon da ya wuce mita 10. In bangon ya fi haka tsawo, sa biyu, ɗaya a kowace kusurwa, tsakiya ta zama ita ce tudu.

Wanne za a saya?

Na kwano shi ne mai araha, kowane maƙerin kwano yana lanƙwasa shi, amma shi gishiri ya fi so. In shi aljihu ya iya, a yi masa fenti ciki da waje, a kuma san ba na dindindin ba ne. Na roba ba ya tsatsa ko kaɗan, ga shi ba nauyi. Rana ce abokiyar gabarsa: da shekaru sun tura yakan gagara lanƙwasa ya riƙa tsagewa, musamman mara kauri. Yana kuma miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, shi ya sa ake bar masa ɗan sarari a mahaɗa. Na alminiyam mai fenti ya fi su tsada, ba ya jan tsatsa, kuma da ni za a tambaya shi zan nuna. Sai dai yana da abin da ba ya so. Idan ya haɗu da jan ƙarfe, ga laima ga gishiri, alminiyam ɗin ne ke cinyewa, ka ga farin gari yana fitowa a wurin. Ɗanyen siminti ma yana cin sa.

Inda nake so a buɗe hannu shi ne wajen sukuru da mariƙi. Mariƙi shi ne ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ko roba da indararo ke zama a kansa. Ƙusa santsi gare ta, iska na girgiza ta tana zamewa. Sukuru kuwa haƙora gare shi. Nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokali, mai tsawon da zai shige katako sosai. Kuɗin sukuru bai kai kashi ɗaya cikin goma na aikin ba, amma a nan mutane suke yin rowa, ni ma a nan na yi.

Ranar aiki

Da rani ake wannan aiki, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin katako a bushe yake kuma kafinta ba ya yanga. Wanda ya jira hadarin Afrilu zai biya ninki. A Legas da Akra ruwa yakan ɗan tsagaita a watan Agusta. In ya zama dole, ana iya amfani da wannan taƙin.

Mutum biyu ake bukata, ɗaya a sama, ɗaya riƙe da tsani. In kan tsani yana mita 4 daga ƙasa, gindinsa ya nisanci bango da mita 1. A bango ake jingina shi, ba a jikin indararo ba. Ɗaga kai ka ga inda wayar lantarki ta shigo gidan kafin ka ɗaga dogon kwano, don a unguwanninmu sau da yawa ta bakin rufi take bi. Tsofaffin gidaje kuma wasu rufinsu na asbesto ne, mai launin toka. Kada a taka shi, yana fashewa ba sallama, kada kuma a yanka shi da zarto, ƙurarsa na lalata huhu.

A sauke tsohon guntu-guntu, da safar hannu, don tsatsattsen kwano reza ne. Bayan an gyara katako sai maganar gangare, kuma a nan gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ruwa ba ya tafiya sai an karkata masa. A kowace mita 3, indararo ya sauka santimita 1 zuwa wajen bututu. Mita 10 ke nan santimita 3 da 'yar ɗoriya. Kada ka amince da ido, kada ka amince da katakon, yawancinsu a karkace suke. Ari tiyon nan mai garai-garai na magina, ka cika shi da ruwa, mutum ɗaya a kowane baki. Inda ruwa ya tsaya a nan da inda ya tsaya a can, daidai suke. Yi alama biyu. A ɓangaren bututu ka sauko da santimita 3, ka kafa mariƙi na farko da na ƙarshe, ka ɗaure zare tsakaninsu tamau. Sauran duk zaren za su bi.

A bakin teku kada tsakanin mariƙi da mariƙi ya wuce santimita 50. Mita 10 guda nawa ke nan? Yawancin aji 20 suke cewa. A'a, 21 ne, don akwai na farawa. Kowanne sukuru biyu. A ƙara ɗaya dab da kowace mahaɗa da kowace kusurwa, nan iska ke fara kama hannu.

Bakin kwanon rufi ya leƙo cikin indararo wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa. In bai kai ba, ruwa ya bi ta baya ya jiƙa katako. In ya zarce, ruwa mai ƙarfi ya tsallake. Leɓen waje ya ɗan fi na jikin bango ƙasa, yadda ko ya cika ya tumbatsa, waje zai zubar. Bututu kuma a ɗaure shi da bango a kowace mita ɗaya da rabi. An gama? Hau da bokiti biyu ka juye a can tudu, ka bi ruwan da ido. Duk inda ya kwanta, sassauta mariƙin wurin ka gyara yanzu, don ruwan da ya yi mako guda a kwance gidan sauro ne.

Ina ruwan zai je?

Wasu sai su kashe kuɗi a sama, su bar bakin bututu yana zuba a gindin bangonsu, ko ma na maƙwabci. Rigimar indararo tsohuwar rigima ce, masu unguwanni da sarakunan zango sun gaji da sasanta ta. Ja bututun har kwata, ko ka sa duro mai murfi ka samu ruwan wanki. Ruwan farko na damina a bar shi ya wuce, wankin rufi ne, ƙura da kashin tsuntsu.

Dattin da aka kwaso daga indararo, ganye da leda da yashi, a buhu ake zuba shi, ba a kwata ba. Mutanen Akra ba su manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ruwa ya cika gari, wuta ta tashi a gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutane fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Toshewar magudanai na cikin abin da ya ƙara wa ambaliyar ƙarfi, kuma kwatar Nima ma a kogin Odaw take zuba, wanda ya bi ta gefen wannan shataletalen.

Sau biyu a shekara a hau a share, kafin damina da bayanta, a ɗauraye da ruwan daɗi don gishiri ya sauka, a taɓa kowane sukuru. Bayan kowace babbar iska kuma a ɗaga kai.

Yawancinmu a can 'yan haya ne. Kada ka sa hannu a rufin mutum sai da yardarsa, kuma in an ce za a cire kuɗin aikin daga kuɗin haya, a rubuta: kwanan wata, kayan da aka saya, kuɗin kowanne, ladan kafinta, ku biyu ku sa hannu, shaida ya sa. Nawa na Obalende da baki muka yi, har na tashi daga gidan ban ga ko kwabo ba.

Aikin aji

1. Rufi ya rufe mita 8 tsawo, mita 5 faɗi. An yi ruwa milimita 40. Lita nawa ya zubo? Duro nawa ke nan mai cin lita 200?
2. Indararo mai mita 6, santimita nawa zai sauka? Mariƙi nawa yake bukata?
3. Me kafinta yake nufi da ruɓaɓɓen zare? Amsa da jimla biyu.
4. Kowa ya auna bakin rufin gidan da yake ciki, ya soki katakon a wuri biyar, ya rubuto abin da ya gani. A zo da takardar mako mai zuwa, da ita za mu koyi rubuta lissafin kaya.