Idan kina son riƙe 'yan matan Gaid a unguwarku

'Yar'uwa, kafin ki sayi usur ko ki kai wa tela yadi, fara da rajista. Ƙungiyar Girl Guides, wato 'yan Gaid, mai horar da 'yan mata tarbiyya da dabarun rayuwa, tana ƙasar nan ta Ghana tun 1921, ta kuma zama cikakkiyar mamba a ƙungiyar 'yan Gaid ta duniya a 1960, don haka akwai tsari, ba tara yara kawai ake yi a ƙofar gida ba. Ki nemi kwamishinar yankinku, wato jami'ar Gaid mai kula da yankin, ta sa ki cikin horon shugabanni. Ƙungiyar tana da cibiyar horo a Achimota, cikin Accra, ba nisa daga Nima ko Mamobi a trotro. Sannan ki samu makarantar da za ta ba ki aji ko fili, da wata babbar mace da za ku riƙa zama tare. Kada ki taɓa riƙe 'ya'yan mutane ke kaɗai.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne iyaye, kuma takarda ba ta yinsa. A Zango da ƙafa ake zuwa. Ki yi sallama, ki durƙusa ki gai da Hajiya kaka tukuna, don sau da yawa ita ce mai cewa a'a. Ni tambaya uku nake sha kusan kowane gida: "Za ta cire hijabi?" "Da maza a ciki?" "Ƙarfe nawa za ta dawo?" Ki tafi da amsarki a hannu. Maganar hijabi da tsawon siket ki gama ta da kwamishina tun kafin a yanka yadi. Ki kuma faɗa musu da bakinki cewa 'yan Gaid da hannun hagu suke musabaha a tsakaninsu. In yarinya ta koma gida ta miƙa wa Baba hagu ba ki yi bayani ba, kin rasa ta, kin rasa 'yan gidansu duka. Ni ina gaya wa yarana cewa wannan gaisuwa a filin taro take tsayawa.

Lokacin taro kuma kada ki ci karo da malam. Safiyar Asabar da Lahadi na makarantar Islamiyya ne. Bayan la'asar ya fi, a tashi kafin magariba, a kan lokaci. A watan azumi ki sassauta, 'yan ajin BECE, wato jarrabawar gama ƙaramar sakandare, kuma ki ɗaga musu ƙafa in jarrabawa ta matso.

Ki raba su rukuni-rukuni, shida zuwa takwas, kowane ya zaɓi shugabarsa. A nan hannunki zai yi ta ƙaiƙayi. Za su zaɓi mai surutu su bar mai hankali, za su ɗaure igiya ta warware. Ki bar su. In kika karɓe ashana kika hura musu wuta, ke ce kika koyi hura wuta, ba su ba.

Abin da za ki koyar ya zama wanda uwa za ta gani a gida. Misali ruwan gishiri da sukari na mai gudawa: ledar ruwan sha, wato piya wata, guda biyu lita ɗaya ke nan, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kowace ta haɗa da hannunta, ta ɗanɗana. Ranar da ƙaninta ya kwanta ta haɗa masa, uwar da kanta za ta turo miki 'yar maƙwabta.

Kuɗi kuwa, littafi ɗaya, sunan kowa da abin da ta kawo, abokiyar aikinki ta sa hannu. Kada ki cuɗa su da naki a MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Wadda ba ta da halin inifom ta zo da kayan makaranta, ba a korar yarinya don riga.

Kwana a sansani ki jinkirta shi sai iyaye sun saba da ke. Fara da fitar yini, kamar bikin 22 ga Fabrairu da 'yan Gaid na duniya ke yi, su dawo da rana tsaka. In lokacin sansanin ya yi, ki karɓi izinin iyaye a rubuce da katin inshorar lafiya na NHIS na kowace, ki tanadi gidan sauro, audugar mata da tabarmar salla, ki kuma kauce wa watan Yuni saboda ruwan Accra.