Kurakuran da ake yawan yi da tsohuwar alkama da sha'ir

Tsofaffin irin alkama kamar einkorn, wadda aka fara nomawa a kudu maso gabashin Turkiyya kimanin shekaru 10,000 da suka wuce, da emmer da Italiyawa ke kira farro, da spelt ta Jamusawa, sun sha bamban da alkamar da ake nomawa da rani a Kadawa da Haɗejiya. Ƙwayarsu tana nan ƙunshe cikin ƙaiƙayinta ko bayan an sussuke, don haka wanda ya kai ta injin niƙa ba tare da an fara surfa ta ba zai sami gari mai ƙaiƙayi da ba ya cinyuwa. Wajen kwaɓi kuma, gulutin ɗin einkorn, wato sinadarin da ke riƙe kwaɓi ya sa ya tashi, ba shi da ƙarfi, sai a rage ruwa, a rage murza, in ba haka ba kwaɓin ya yi danƙo ya ƙi tashi. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne zaton cewa mai cutar siliyak, wanda gulutin ke yi wa hanjinsa lahani, zai iya cin su, alhali dukkansu, har da sha'ir, suna ɗauke da gulutin.

Sha'ir, wanda yawancinmu muka san sunansa ne a babin zakkar fid da kai, abinci ne na yau da kullum a tsaunukan Habasha, kuma makiyaya suna turka da shi. Matsalarsa ita ce sitacinsa yana saurin tsami a tumbi. Idan aka zuba wa ragon da ya saba da harawa cikakken kwano a rana ɗaya, zai iya wayar gari da kumburin ciki da zawo, ya sunkuyar da kai ya ƙi kallon abinci, wani lokacin ma ya mutu. Gyaran shi ne a fara da 'yar tafin hannu, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu zuwa uku, kuma kada a janye masa ciyawa. Shanu a ɓarza musu, domin ƙwayar da ba a fasa ba takan fita a kashi yadda ta shiga, amma tumaki suna tauna ta da kansu. Niƙa shi lukwi yana ƙara saurin tsamin.

Hatsi yana da fosforas da yawa, kalsiyam kaɗan, kuma hakan na janyo wa raguna tsakuwa a mafitsara har fitsari ya toshe, don haka a haɗa musu da garin farar ƙasa mai kalsiyam (limestone) da gishiri, a wadata su da ruwa. Kajin gidan gona kuwa sha'ir mai yawa yana sa kashinsu ya yi yauƙi, sai a rage yawansa a abincin 'yan tsaki.