Yawon jirgin ruwa da yamma ku biyu kaɗai: kurakuran da ke ɓata daren

Yawancin ma'auratan da ke hayar jirgin ruwa su biyu don zagaya gaɓar tsibiri da yamma, hoto ne ya ja su. Sun ga rana ta yi jajir tana nutsewa cikin teku, ruwa kwance kamar an shimfiɗa tabarma, mutum biyu zaune a gaban jirgi. Hoton ba ya faɗin irin iskar da ta kaɗa a ranar, ko ta wane gefen tsibiri aka ɗauke shi, balle halin da cikin mutanen nan biyu yake ciki. Kusan duk kurakuran da zan kawo daga nan suka taso: mutum ya shirya wa hoto, ya manta teku na da nasa tsarin.

Bari in fara da wanda na yi da kaina, domin har yau yana ci mini rai. Na shirya wa matata tafiyar a ɓoye, ina son in ba ta mamaki. Sai da muka isa bakin ruwa ta gane inda aka dosa. Ba ta ce uffan ba, ta shiga. Da jirgin ya bar tasha ya fara hawa igiyar ruwa, sai na ga ta kama ƙarfen gefe da hannu biyu, hira ta mutu. Can ta ce da ni a hankali, "Maigida, don Allah ka ce masa ya rage gudu." Duk zaman da muka yi ban taɓa tambayarta yadda take ji da ruwa mai zurfi ba. Ashe ba ta iya iyo ba, kuma tun tana yarinya take tsoronsa. Daurewa ta yi don kada ta watsa mini ƙasa a ido. Awa biyu ta yi tana jiran a sauke ta.

Ka ɓoye kyautar da ka sayo, ka ɓoye furanni, amma kada ka ɓoye wa mutum cewa teku za ka kai shi. Haka ma idan uwargida ce ke shirya wa maigida. Kafin a biya ko sisi a yi tambaya uku: ta iya iyo ko tana tsoron ruwa, takan yi jiri a mota, sannan akwai juna biyu ko ciwon baya? Amsar ita za ta zaɓa muku jirgi. Ƙaramin jirgi mai gudu yana dukan ruwa da ƙarfi, jijjigar tana shiga har ƙashin baya, bai dace da mai ciki ba. Katamaran, wato jirgi mai gindi biyu, bai cika tangaɗi dama da hagu ba, shi ya fi wa mai tsoro da mai jiri sauƙi.

Jirin nan kuwa shi ne babban mai ɓata dare, kuma ba ragwanci ba ne. Idonka na gaya wa ƙwaƙwalwa a zaune kake, abin da ke daidaita jiki a can cikin kunne kuma na gaya mata jijjiga ka ake yi. Saɓanin nan shi ke kawo hajijiya, gumi mai sanyi, tashin zuciya, daga nan sai amai. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye maganin jirin tafiya a jaka sai zuciya ta fara tashi. A lokacin an makara. Ana shan sa ne tun ana tudu, kamar awa ɗaya kafin tashi. Da yawa daga irin magungunan suna sa barci, don haka a gwada tun kwana ɗaya kafin ranar, kada a wayi gari ɗayanku na gyangyaɗi rana na faɗuwa. Mai juna biyu da mai shan wani magani su tambayi likita tukuna. Wasu citta kaɗai na isar su.

Akwai ƙananan abubuwan da ke ƙara wa jiri ƙarfi, mutane na yin su da kyakkyawar niyya. Wani ya ƙi cin komai tun safe, wani kuma ya cika ciki da maiƙo. Dukansu biyu sun jawo wa kansu. A ci abu kaɗan marar nauyi. Turare mai ƙarfi, wanda a irin wannan dare kowa ke son fesawa, yana tayar da zuciyar da ta fara rawa, a rage shi. Idan abin ya soma, kada a gudu cikin ɗakin ƙasa a kwanta, can ya fi muni. A fito fili inda iska ke bugawa, a zauna tsakiyar jirgi inda motsi ya fi ƙaranci, a ajiye waya, a kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. A kuma nisanci bayan jirgi idan inji na aiki, saboda hayaƙi.

Sai batun rana kanta. Abin kamar wasa, amma mutane da yawa na hayar jirgi a gabashin tsibiri su zauna jiran faɗuwar rana cikin teku, sai ta ɓuya musu bayan tudu. A Zanzibar, misali, ƙauyukan Paje da Jambiani gabas suke kallo, fitowar rana suke da ita. Mai son faɗuwarta sai ya nufi yamma ko arewa maso yamma, wajen Kendwa da Nungwi ko gaɓar tsohon garin Zanzibar, wato Stone Town. A Kapri ta Italiya, shahararrun duwatsun nan uku na Faraglioni suna kudu maso gabas, amma rana ta fi kyan gani daga wajen hasumiyar fitila ta Punta Carena, wadda ke aiki tun 1867, a ɗaya ƙarshen tsibirin. Wanda kuma ya sa ran shiga Shuɗin Kogo na tsibirin da almuru ya yi kuskure biyu: shuɗin nasa daga hasken rana yake, kuma ƙofarsa ba ta wuce kamar mita ɗaya a tsayi ba, da ruwa ya ɗan motsa ake rufe shi. Buɗe taswira a waya na minti biyu ya isa ya raba ka da wannan.

Agogo ma yana yaudara. A Santorini ta Girka rana na faɗuwa bayan ƙarfe 8:30 a ƙarshen Yuni, amma a Disamba wajen ƙarfe 5 ta tafi. Kusa da layin ikwaita kuwa, wanda ya raba duniya arewa da kudu, kamar Zanzibar, duk shekara tsakanin ƙarfe 6 da 7 take faɗuwa, kuma duhu ba ya jira: mintuna 20 da 'yan kai an rufe. Saboda haka kada ka karɓi lokacin da aka rubuta a talla ido rufe. Duba lokacin faɗuwar rana na ainihin ranar da kuka zaɓa, ku tashi aƙalla awa ɗaya da rabi kafinsa, don jirgi ya isa wurin tsayawa ba tare da gaggawa ba.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya ya natsu shi ne iska. Sama na iya zama garau babu ko ɗigon gajimare, teku kuma na hauka. A tsibiran Girka akwai iskar arewa da ake kira meltemi, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, daidai lokacin da baƙi suka fi yawa, kuma takan tsananta da rana zuwa la'asar. A gaɓar gabashin Afirka iska biyu ke karɓa-karɓa: kaskazi daga arewa maso gabas wajen Disamba zuwa Maris, kusi kuma daga kudu a watannin da ke biye. Masu jirgi na auna ƙarfin iska da ma'aunin Bofot, wanda wani jami'in sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, daga 0 zuwa 12. Mataki na 2 ko na 3 shi ne daren da kuke mafarki. Da ta kai 5, wato kilomita 29 zuwa 38 a awa, farin kumfa ya cika saman ruwa, ƙaramin jirgi ba wurin hira ba ne. Tambayar da za ka yi wa matuƙi ita ce: yau daga ina iska take, kuma wane gefen tsibiri ne ya tare ta? Matuƙin kirki zai ji daɗin tambayar, ya sauya hanya zuwa inda ruwa ke kwance.

A nan ne kuma ake yin kuskuren da ke jefa rai cikin haɗari. Mutum ya ajiye yawon sai daren ƙarshe na tafiyarsa, wai don a rufe da abu mai daɗi. Ranar ta zo da iska, matuƙi ya ce a fasa, shi kuma ya dage yana roƙo, har da ƙarin kuɗi, don gobe jirgin sama zai hau. Wani matuƙin zai sallama, abin da ba a so ke nan. Ku sa yawon a dare na farko ko na biyu, yadda za a iya ɗagawa. Idan wanda ya san ruwan ya ce yau ba ta yi ba, to ba ta yi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tun kafin ka ba da kafin alƙalami ka sa a rubuta maka abin da zai faru da kuɗinka idan yanayi ya hana fita.

Cikowar ruwa da janyewarsa ba ta damun mai yawo a Bahar Rum sosai, don bambancin kaɗan ne. A Tekun Indiya kuwa wani labari ne: a Zanzibar bambancin kan kai kusan mita 4 lokacin tsayuwar wata da cikarsa, ruwa ya ja baya ɗaruruwan mitoci ya bar jirgi a kan yashi. Lokacin kuma na matsawa da kusan minti 50 kowace rana. Tambayi ko daga kan gada za a hau, ko sai an taka ruwa.

Kalmar "ku kaɗai" ma sai an bincike ta. Wasu kamfanoni na sayar da abin da suke kira rabin keɓewa, ka isa ka tarar da wasu ma'aurata huɗu ko biyar. Tambayi adadin mutanen da za su kasance a jirgin, har da ma'aikata. Ko an ce ku kaɗai, matuƙi na nan, sau da yawa da yaronsa. Ka faɗa musu tun farko ko kuna son bayanin wurare ko shiru, ko kiɗa ko a kashe. Ka faɗa idan ba ku yarda a ɗauke ku hoto a sa a shafin tallarsu na Instagram ba. Yawancin irin wannan tsari na zuwa da kwalbar giya a ciki. Wanda ba ya sha ya sanar tun ranar biya a musanya masa. Matuƙi kuwa, ko kurɓa ɗaya bai kamata ya yi ba.

Wanda ya tare ka a bakin ruwa da farashi mai sauƙi, ka tuna araha ba ta ado. Fita da yamma na nufin dawowa cikin duhu, kuma jirgin da ya isa da rana ba lallai ya isa da dare ba. Dokokin hana karo a teku na duniya, na 1972, sun wajabta kunna fitilu daga faɗuwar rana zuwa fitowarta: ja a hagu, kore a dama, fari a baya. Ka ce a kunna ka gani. Ka ce a nuna maka rigunan ceto, ku gwada su a jiki, wanda bai iya iyo ba ya bar tasa a jikinsa ko da za ta ɓata kwalliya. Ka tambayi lasisin ɗaukar fasinja da inshora, da oba-oba ta jirgi; tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a ko'ina, waya kuma na iya rasa sabis a bayan dutse. Ka bar wa wani a masauki sunan jirgin da lokacin dawowarku. Kada kowa ya shiga ruwa sai inji ya mutu gaba ɗaya, bayan duhu kuma a haƙura da wanka.

Sutura ba ta buƙatar dogon bayani. Da rana ta faɗi, iskar teku na da sanyi ko a ƙasa mai zafi, a tafi da rigar sanyi ko mayafi mai kauri. Takalmi mai tsini da daɓen jirgi mai santsi ba sa shiri. Zobe ko sarƙar da za ka ba ta, ka miƙa a zaune a tsakiyar jirgi, nesa da gefe. Idan ya suɓuce ya tafi ke nan: ramin aman wutar Santorini da jirage ke yawo a kansa ya kusa mita 400 a zurfi. Motar komawa masauki ma a shirya ta tun da rana, ƙananan tashoshi kan yi tsit da dare.

Saura ɗaya, wanda sai a fitarmu ta biyu na gane shi. A wannan karon matata ce ta zaɓi jirgin, mai gindi biyu, ta sa rigar ceto tun daga tasha. Da ƙwallon rana ya nutse, jiragen da ke kewaye da mu duk suka tayar da inji suka juya gida, mutanen ciki na duba hotunan da suka ɗauka. Alhali launin da ya fi kyau sai bayan minti goma ko sha biyar yake fitowa, lokacin da hasken ke bugun gajimare daga ƙasa. Mun riga mun roƙi matuƙi tun a tudu cewa idan ruwa ya ba da hali ya kashe inji ya bar mu kwata ɗin awa, mun kuma sa lokacin cikin lissafin haya. Ya kashe. Babu abin da ake ji sai ruwa na lasar gindin jirgi. Ta saki ƙarfen gefe ta ce, "Maigida, dubi can," tana nuna fitilun ƙauyen da suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya a kan tudu.